Wane Irin Daɓe Ya Dace da Filin Shan Iska na Bayan Gini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan ginin gidana, mita 5 a jikin bango, mita 4 daga bango zuwa waje. Ina so in gyara shi ya zama wurin zama da shan iska. Ƙasar wurin laka ce, in an yi ruwan sama sai ya kwanta har kwana biyu. Rana tana dukansa daga azahar zuwa la'asar. Mahaifiyata tana tare da mu, da sanda take tafiya, ga kuma yara ƙanana. Bututun ruwan wanka ya ratsa ta ƙarƙashin filin. Wasu sun ce in zuba kankare, wasu sun ce intalok, uwargida kuma tana son tayil irin na falo. Me zan sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana. Da ni ne da wannan fili, intalok zan sa, wato ƙananan bulon kankare da ake jerawa a kan yashi, mai kaurin santimita 6, mai hasken launi, wanda fuskarsa ba ta da sulɓi. Sai dai in na tsaya a nan na cuce ka, domin intalok ɗin da aka jera a kan laka kai tsaye ya fi kowane daɓe saurin lalacewa. Abin da ido ke gani a sama bai kai rabin aikin ba. Dawwamar daɓe tana ga abubuwa biyu da ba a gani: inda ruwa zai bi ya fita, da abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashi. Bayan su sai tambaya ta uku, wadda mutane ba su cika yi ba sai abin ya faru: ranar da ya lalace, yaya za a gyara shi?

Mu fara da ruwan, tunda shi ne ya fi damun filinka. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan cif. Filinka murabba'in mita 20 ne, don haka ruwa mai ƙarfi na milimita 25 zai sauke maka lita 500 a kansa, ban da wanda indararo ko bakin kwano zai zubo daga rufi, wanda sau da yawa ya fi na filin yawa. Yanzu lakar tana riƙe wani ɓangare. Da zarar ka rufe ta da daɓe, duk wannan ruwa zai nemi hanya, kuma in ba ka ba shi ba, gindin bangonka zai nufa. Shi ya sa ake ba daɓe gangare daga jikin gini zuwa waje, santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita. A mita 4 ɗinka, bakin waje zai yi ƙasa da na jikin bango da santimita 6 zuwa 8. Ƙafa ba ta jin wannan karkata, kujera ma ba ta gocewa, amma ruwa yana bin ta. A bakin wajen kuma sai a yi kwata ko magudana da za ta kai ruwan inda ba zai cutar da kai ko maƙwabcinka ba. Haka nan saman daɓen ya zauna ƙasa da layin hana danshi na ginin, wanda magina ke kira dipisi, da kamar santimita 15, don kada tsartuwar ruwa ta riƙa jiƙa bango har fenti ya soma ɓarewa daga ciki. Wannan duka kafin a sauke bulo ko ɗaya ake tsara shi da igiya da lebur. Tun ran gini ran zane. Gangaren da ba a fitar tun daga tono ba, ba a iya ƙirƙiro shi da yashi daga baya.

Sai lakar. Halinta shi ne ta kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta tsattsage in ta bushe, kuma ba ta yin haka daidai a ko'ina. Gefen da ke inuwar bango yana daɗewa da danshi, tsakiyar da rana ke duka tana bushewa da wuri, ga ramin da aka taɓa haƙawa aka binne bututu, wanda ƙasarsa ba ta kai ta kewaye tauri ba. Ma'ana ƙasan filinka zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Ba za ka hana shi ba, abin da za ka iya shi ne ka rage shi, ka kuma zaɓi daɓen da zai jure.

Ragewar ita ce shimfiɗar ƙasa. A kwashe ƙasar sama duka, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, har a kai ƙasa mai tauri. A danne ta. A kan laka ina son a shimfiɗa ƙyallen roban nan da ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta bi, don kada tsakuwa ta riƙa nutsewa cikin taɓo a hankali. Sannan a zuba fasasshen dutse mai kusurwa, haɗe da garinsa, kaurin santimita 10 a ƙasa mai kyau, 15 a irin taka. A filinka wajen kubik mita 3 ke nan bayan an danne. Kada a zuba shi gaba ɗaya a bi ta kai sau ɗaya. Kashi biyu ko uku za a yi, kowane a ɗan yayyafa masa ruwa, a bi shi da injin danne ƙasa mai girgiza har sai takalmi ya daina barin sawu. A nan ne mafi yawan 'yan kwangila ke rage aiki, don sun san mai gida ba zai gani ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da aka riga aka rabu. In za ka tsaya a kan aikin rana ɗaya tak, ka tsaya ranar da ake wannan.

To, kankare. Ba na raina shi. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 a kan shimfiɗa mai kyau yana shekaru da dama, shara a kansa ba wuya, ciyawa ba ta da wurin fitowa, kuma sandar Mama ba za ta sami ramin maƙalewa ba. Amma kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, kamar rabin milimita a kowace mita, kuma ƙasan da yake kwance a kai tana riƙe shi, sai ya tsage. Ba alamar mugun aiki ba ce, halinsa ne. Ƙwararren magini ba ya alkawarin cewa ba zai tsage ba, zaɓa masa inda zai tsage yake yi: yana yanka layuka masu zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita 2.5, a cikin yinin farko, tazararsu ba ta wuce mita 2.5 zuwa 3 ba. Filinka sai a raba shi gida huɗu. Tsakaninsa da bangon gida kuma a sa abu mai laushi ya raba su, don kowa ya yi motsinsa. Rodi ko wayar raga ba sa hana tsagewa, suna dai riƙe ɓangarorin kada su rabu ko ɗaya ya ɗaga sama da ɗaya, kuma sai an ɗaga su sun zauna a tsakiyar kaurin suke amfani. Wanda aka bari kwance a ƙasa asarar ƙarfe ce kawai. Akwai kuma abubuwa biyu da ke kashe kankare tun yana jariri. Na farko ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bazawa, wanda ke rage masa ƙarfi ya sa samansa ya riƙa gari. Na biyu barinsa ya bushe da sauri. Siminti ba bushewa ke sa shi tauri ba, haɗuwa yake da ruwa a hankali, shi ya sa ake jiƙa shi ko a rufe shi da leda na aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna ƙarfinsa na ƙa'ida. Samansa kuma kada a goge shi da cokali ya yi sheƙi irin na ɗaki. A ja masa tsintsiya ko buroshi tun yana ɗanye don ya sami kaushin da zai riƙe ƙafa.

Me ya sa duk da haka ban zaɓa maka shi ba? Laka da bututu. Faffaɗan kankare a kan ƙasa mai motsi kamar farantin tangaran ne da aka aza a kan katifa aka taka: inda ƙasan ya lotsa, nan zai karye, kuma ba lallai a kan layin da aka yanka ba. Ranar da bututun nan ya toshe ko ya fashe kuma, sai an kawo guduma an fasa, kuma facin da za a yi ba zai taɓa yin launi ɗaya da tsohon ba. Kubik mita 2 ne zai ci a filinka, nauyinsa ya kusa tan 5. Abin da ya kai haka ba a ɗaga shi da hannu a gyara ƙarƙashinsa.

Maganar uwargida tana da hujja, kada a yi watsi da ita. Tayil ya fi komai tsafta da kyan gani, ba ya shan maiƙo, ana goge shi a wuce. Amma tayil ɗin falo a fili mara rufi, ga tsohuwa mai sanda ga yara masu gudu, wannan ina roƙonka kada ka yi. Da ya jiƙe ya zama tarko, kuma karayar ƙugu ga mai shekaru ba ƙaramin al'amari ba ne, da yawa ba sa komawa tafiya yadda suke. Akwai tayil da aka yi musamman don waje, na foselin, wato tangaran mai tauri sosai, mai kaurin santimita 2, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Ana auna santsinsa da wani ma'auni da ya samo asali daga Jamus, daga R9 zuwa R13, kuma na waje ana so ya kai R11. Lambar tana jikin kwali. Wannan yana da kyau ƙwarai, amma yana cikin mafi tsada, kuma aikinsa ba na kowane mai sa tayil ba ne. Saboda ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi, sai an shafa wa bayansa madarar siminti mai gam ko an yi amfani da gam ɗin waje. Dole kuma bayansa ya zauna a kan kwaɓi gaba ɗaya. Masu ɗiga kwaɓi guri biyar su ɗora suna barin kogo a ƙasa, ruwa ya taru, tayil ya riƙa ƙara in an taka, daga baya ya ɓalle. Sannan in a kan kankare aka manna shi, duk tsagar da kankaren ya yi sai ta fito a fuskar tayil. Kun ga an koma matsalar laka, an kuma ƙara wa bututun wani rufin. In akwai baranda mai rufi a bakin ƙofa inda ruwa ba ya kaiwa, a sa mata tayil mai kaushi a nan, sauran filin a bar wa intalok.

Abin da ya sa intalok ya dace da kai shi ne bai dogara da zama dunƙule ɗaya ba. Ƙananan bulo ne na kankare a kan yashi, yashin da ke tsakaninsu yana raba nauyi daga wannan zuwa wancan, kuma in ƙasa ta motsa sai su bi ta maimakon su karye. Ba banza ba ƙasar Holan ta yi fice da irin wannan shimfiɗa. Ƙasarsu mai laushi ce, tana lotsawa, tun da daɗewa da jan bulo suke shimfiɗa tituna don a iya ɗagawa a gyara a mayar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da jan bulo ya yi ƙaranci saboda sake gina gidaje, sai suka koma yin na kankare, daga nan ya bazu duniya. Damuwarsu ita ce taka. In wani gefe ya lotsa, a cire bulo talatin, a gyara ƙasan, a mayar da su. In bututu ya sami matsala, a buɗe layinsa kaɗai, a rufe da bulon da aka cire, ba wanda zai gane an taɓa.

Ga yadda ya kamata a yi shi. A kan fasasshen dutsen da aka danne, a baza yashi mai manyan ƙwayoyi, wankakke, kaurin santimita 2.5 zuwa 4, a share shi da katako ya yi bai ɗaya. Kada ya wuce haka. Yashi mai kauri shi ke kawo lotsawa, kuma mai aikin da ke cike ramukan shimfiɗa da yashi yana ɓoye aikin da bai yi ba ne. Kauri santimita 6 ya isa wurin zama da tafiyar ƙafa; mai santimita 8 na inda mota ke hawa ne, ba ka bukatarsa. In ka ɗauki mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ke cika murabba'in mita, wato 1,000 a filinka, sai ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Gefe shi ne ran aikin. Duk ɓangaren da bai jingina da bango ba, a kafa masa bulon gefe a cikin kankare, in ba haka ba na bakin za su riƙa zamewa waje, layuka su buɗe, yashi ya tsiyaye, lalacewa ta riƙa cin filin daga gefe zuwa tsakiya. Bayan an jera, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsagogin, a bi da inji, a sake sharewa har su cika. Saboda sandar Mama, ka zaɓi bulo mai shafaffen sama da matsattsun tsagogi, ka guji masu tudu-tudu na ado da masu faɗin rami a tsakani, kuma ka sa a tabbatar babu wanda ya ɗara maƙwabcinsa tsayi har yatsan ƙafa ya ji.

Yana da nasa aibin, gara ka sani tun yanzu. Ciyawa tana fitowa a tsagogi, kuma yawanci ba daga ƙasa take hudowa ba, iri ne iska ke kawowa ya sauka a ƙurar da ta taru. Shara a kai a kai tana rage ta sosai. Tururuwa tana son yashin. Ruwa mai ƙarfi yana wanke na saman tsagogi, sai an riƙa ƙarawa lokaci-lokaci. Akwai yashi mai gam da ke daskarewa in an yayyafa masa ruwa, yana rage duka ukun. A watannin farko za ka iya ganin fari-farin gari a fuskar bulon. Sinadarin laim ne na cikin siminti ke fitowa da danshi ya haɗu da iska, ba lalacewa ba ce, yana gushewa da kansa. Kuma kada wani ya ce maka intalok zai shanye ruwan filin don haka ba sai an yi gangare ba. Tsagoginsa suna toshewa da ƙura cikin ɗan lokaci, kuma ko da ruwan ya ratsa, laka zai tarar a ƙasa. Babban haɗarin kuwa shi ne ingancin bulon kansa, don akwai masu buga shi da ƙarancin siminti. Ka karɓi samfuri, ka kankare gefensa da ƙusa, ka buga biyu da juna. Mai kyau yana ƙara tsaf kuma ba ya zubar da gari. Ka fasa ɗaya ka ga ko launin ya ratsa ciki ko shafe ne a sama kawai.

Jan bulo da aka gasa shi ma haka ake jera shi, kuma launinsa ba ya koɗewa tunda na yumɓun ne kansa. Sharaɗin dai ya zama wanda aka yi don daɓe, domin na gini ya fi shan ruwa, yana marmashewa a ƙasa. A wuri mai inuwa da danshi yana saurin yin gansakuka. Dutse na asali kuwa ya fi su duka daɗewa da kwarjini, musamman giranayit, amma a nemi wanda aka yi wa kaushi, ba gogagge ba. Dutsen yashi yana shan ruwa da tabo. Mabul da dutsen farar ƙasa asid yana cinsu, ko ruwan wanke banɗaki aka zuba musu sai ya bar tambari, kuma gogaggen mabul a waje santsinsa ya fi na tayil. Falalen dutse marasa tsari suna da kyau a ido, amma hawa da saukar fuskarsu bai dace da mai sanda ba.

Tsakuwa zalla ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ba ta tsagewa. A gidanka dai ban ga wurinta ba: sanda tana nutsewa, ƙafar kujera tana nutsewa, yara za su watsa ta ko su kai baki. Dandamalin katako kuma ya fi amfani inda fili ke da gangare sosai har ana bukatar ɗaga shi a kan ƙafafu. A kan laka mai riƙe ruwa, danshi da gara za su sa ka cikin hidimar da ba ta ƙarewa, ko da katakon ya sha magani.

Saura zancen rana. Launi ne ke yanke hukunci a nan fiye da irin kayan. Sabuwar kwalta tana mayar da kusan kashi 5 cikin 100 kacal na hasken rana, ta shanye sauran, shi ya sa a rana mai zafi samanta ke iya wuce digiri 60. Sabon kankare mai ruwan toka yana mayar da fiye da kashi 30. Intalok baƙi ko mai duhun toka zai ƙona tafin ƙafar yaro da la'asar, ya kuma ci gaba da fitar da zafi bayan magariba, daidai lokacin da kuke son zama. Fari fat kuma yana kashe ido, yana nuna kowane tabo. Ruwan ƙasa mai haske ko toka mai haske shi ne tsaka-tsaki. Kafin ka saya, ka ajiye samfuri biyu ko uku a filin tun safe, da la'asar ka taka kowane ba takalmi, sannan ka watsa musu ruwa ka sake takawa. In za ka dasa bishiya don inuwa, ka nisanta ta da daɓen da bututun, domin saiwa tana ɗaga daɓe, tana bin danshin bututu, kuma a laka tana tsotse ruwan gefe ɗaya har ƙasa ta lotsa. Rumfa ta fi aminci a fili ƙarami irin wannan, kuma ramukan ginshiƙanta a haƙa su a zuba musu kankare kafin a jera bulo.

Ga wanda ke zaune inda sanyi ke kaiwa ruwa ya daskare, akwai ƙarin sharaɗi. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara, don haka duk abin da ke shan ruwa yana fashewa daga ciki. A can sai an nemi bulo ko tayil da aka tabbatar yana jure daskarewa, da kankare mai ƙananan kumfar iska a ciki, a kuma ƙara kaurin shimfiɗar dutse.

Kafin ka ba kowa aikin, ka tambaye shi zurfin da zai haƙa. A lissafinmu santimita 6 na bulo, 3 na yashi, 15 na dutse, kusan 24 ke nan ƙasa da inda saman daɓe zai tsaya. Ka tambaye shi ina ruwa zai fita, da me zai danne shimfiɗar, da yadda zai riƙe gefe. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya san aikinsa. Tunda za a buɗe ƙasa, ka sa mai gyaran famfo ya duba bututun nan, in ya tsufa a canza shi yanzu, a danne ramin sosai kashi-kashi, a bar masa wurin dubawa mai murfi daidai da saman daɓe. Ka ɗauki hotonsa da awo daga bango kafin a rufe. In kana tunanin fitila ko famfo a filin nan gaba, a binne bututun roba fanko a ƙarƙashi tun yanzu. Ranar da aka gama, kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa a kwarara ruwa da tiyo daga jikin bango ka ga ya gangara kwata ba tare da ya kwanta a ko'ina ba. Bulon da ya rage kuma, ka ɓoye guda 30 zuwa 50 a wuri mai inuwa, don in ka koma neman irinsa bayan wasu shekaru da wuya ka sami launi da girma iri ɗaya.